Zazzaɓin Mai Ciwon Daji Ba A Kwana Da Shi, In Ji Likita

A wani zaman wayar da kai da aka shirya wa matasa, wani ɗan'uwa likita mai duba masu ciwon daji ya gabatar da jawabi a kan haɗarin ƙwayoyin cuta ga wanda dajin ya yi wa nisa. Ga abin da jawabin ya ƙunsa.

Bayan yabo ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), likitan ya ce ya zaɓi samari ne domin su ne ƙafafun gida. Su ake tasa da tsakar dare a nemo mota, su ke kwana a barandar asibiti, in an ce a kawo jini su ke miƙa hannu. Don haka abin da saurayi ya sani, ko ya jahilta, shi majinyaci ke girba.

Ya ce alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 sama da mutum 120,000 ne suka kamu da daji a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Akasari ba a kai su asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Da yawa daga cikin irin waɗannan kuwa ba ƙarin da ke jikinsu ne ke zama sanadi ba, wata ƙwayar cuta ce da lafiyayye zai karkaɗe cikin kwana biyu.

Daga nan sai ya shiga bayanin dalili. Ya ce Allah Ya sanya wa ɗan Adam dakaru a cikin jini, wato fararen ƙwayoyin jini, kuma a cikin ɓargo ake ƙera su. Waɗanda ke fara kai ɗauki ba su da tsawon rai, da ƙyar suke yin yini guda a cikin jini, saboda haka kullum sai ɓargo ya fito da sababbi. Shi kuma maganin daji da ake sa wa a ruwa, wanda ake kira kemo, aikinsa kashe duk abin da ke saurin hayayyafa a jiki. Bai san daji ba, bai san gashin kai ba, bai san fatar baki da hanji ba, haka nan bai san ɓargo ba. A ma'aunin ɗakin gwaji lafiyayye yakan sami 1,500 ko fiye na waɗannan dakaru, in suka gaza 500 gari ya zama ba ganuwa. Ya ce tun a 1966 wani likita a Amurka, Gerald Bodey, ya tabbatar a kan masu sankarar jini cewa gwargwadon raguwar dakarun, gwargwadon yawan cututtukan da ke afka wa mutum.

Ya ci gaba da cewa abin lura shi ne lokaci. Dakarun ba a ranar da aka sa magani suke zubewa ba, sai bayan kamar kwana 7 zuwa 14. To, wanda ya taso daga ƙauye ya je Shika ta Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja aka sa masa ruwa, a wannan lokacin ya daɗe da komawa gida. Ranar haɗari ke nan ba a gaban likita take riskarsa ba, a gaban ƙaninsa ko ɗansa take samunsa.

A nan ne likitan ya ɗaga murya. Ya ce duk gidan da ke da irin wannan majinyaci wajibi ne a ajiye ma'aunin zafin jiki, taɓa goshi da bayan hannu ba awo ba ne. In zafi ya kai 38, ko mutum ya kama makyarkyata, to asibiti za a nufa a wannan sa'ar, ko da ƙarfe biyun dare ne. Ba a cewa bari gari ya waye. Ya koka da ɗabi'ar nan da kowa ya sani, da an ji jiki da zafi sai a ce maleriya ce, a ruga kemis a haɗo farasitamol da maganin sauro. Farasitamol zai sauke zafin, a ɗauka an sami sauƙi, alhali ƙwayar cuta na ninkuwa a cikin jini. Yana iya yiwuwa maleriyar ce, in ji shi, amma a asibiti za a tantance, kuma ƙa'idar likitoci ita ce a sa wa irin wannan mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda da isowarsa, tun kafin sakamakon gwaji ya fito.

Wani abin da ke ruɗin masu jinya, a cewarsa, shi ne ciwon ba ya nuna kansa yadda aka saba. Mugunya ai gawar dakarun nan ce, in babu su sai a ga miki ba ruwa ba kumburi, a ce ya bushe. Wanda ke shan ƙwayoyi irin su deksametason ma zazzaɓin yana iya ƙin fitowa. Don haka ya ce a lura da saurin numfashi, da sambatu ko yawan barcin da ba a saba gani ba, da ƙarancin fitsari, da sanyin hannu da ƙafa.

Game da inda ƙwayoyin ke fitowa, ya ce da yawansu 'yan gida ne, a bakin mutum da hanjinsa da fatarsa suke zaune, da magani ya sale fatar sai su sami ƙofa. Shi kansa ƙarin yana toshe hanya: in a huhu ne majina ta taru ta zama nimoniya, in a bakin mahaifa ne ya danne hanyar fitsari har ƙoda ta kamu. Ga gyambon sankarar mama, ga robar fitsari, ga ciwon kwanciya ga wanda ba a juya shi duk bayan awa biyu. Tsohon tarin tibi da ciwon hanta nau'in B da suka yi lamo su ma sukan farka, shi ya sa ake gwajin hanta kafin fara kemo.

Da ya zo kan dubiya, ya ce haƙƙi ce ta Musulmi a kan ɗan'uwansa, ba wanda ya isa ya hana. Amma ɗibar mutum goma sha biyar a cika ɗaki, kowa ya miƙa hannu, wani na tari wani na atishawa, wannan cutarwa ce da sunan zumunci. A shiga bibbiyu, a wanke hannu da sabulu, a taƙaita zama. Mai mura ya aiko da gaisuwa, yaro mai ƙyanda ko ƙarambau kada ya kusanci gidan. Addu'a a yi ta ba ƙaƙƙautawa, sai dai kada a tofa yawu a kan buɗaɗɗen miki, ruwan rubutu kuma ya zama tafasasshe. Ya hana ƙaho da tsaga da sakiya ɗungurungum. Nonon da ba a dafa ba, da tsiren da ya kwana, da ɗanyen ganye, duk a kawar da su, a kuma kafa masa gidan sauro.

A lokacin tambayoyi, wani matashi ya ce su mahaifinsu an sallamo shi an ce a koma gida a ci gaba da addu'a, shin akwai amfanin ɗawainiya da shi don zazzaɓi? Likitan ya ce akwai, domin ko dajin bai warkuwa, ciwon fitsari da kurajen baki suna jin magani, mutum ya sami barci ya iya haɗiye kunu. Amma a tambayi dattijon abin da yake so, kada a yanke a bayan idonsa.

Wani kuma ya ce garinsu da Zariya tafiyar awa biyar ce. Ya ce kada a kama hanyar Zariya, a nufi asibiti mafi kusa mai likita, a riƙe katin da ke ɗauke da sunan maganin da ranar da aka sa na ƙarshe, kuma tun daga bakin ƙofa a shaida wa ma'aikata cewa wannan mai kemo ne, yana zazzaɓi.