Jawabi ga malamai da almajiran Birnin Kudu da Gwaram bisa girkin Babbar Salla

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ya ku malamai da almajirai, ku sani shekarar wata tana gaza ta rana da kwana kamar 11, saboda haka Layya tana ja da baya. A 2020 an yi ta ran 31 ga Yuli, tsakiyar damina. A 2024 ta faɗo ran 16 ga Yuni, a 2025 kuwa ran 6 ga Yuni. Bazara ta nufa ke nan, lokacin da zafi a ƙasarmu yakan wuce digiri 40, kuma za ta jima a cikinta.

To, ga abin da muke gani. Maigida ya sayo rago a kasuwar Sara, ya ce lalle ran Salla sai an yi waina da miyar taushe, da tuwon shinkafa, da funkaso, domin 'ya'ya da jikoki sun zo daga Kano da Dutse. Ba mu hana ba, yalwata wa iyali alheri ne. Amma murhu biyu ne a gidan, matan kuwa tun jajibere suke jiƙo da niƙa da haɗa ƙullu. Su ne dai za su wanke tumbi da hanji. Sa'an nan a rataye rago ya kwana, a ce sai gobe a soya.

Wannan al'ada ta fi dacewa da kwanakin hunturu. Masana sun tabbatar akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, waɗanda in sun sami nama cikin ɗumi sukan ninka yawansu cikin minti 20. Mai lissafi ya duba abin da dare guda zai haifar. Shinkafa ma haka: in ta kwana cikin zafi wata ƙwaya takan zuba mata dafi, ɗumame kuwa ba ya kashe shi. Yara da tsofaffi su ne gudawa ta fi kayarwa.

Saboda haka nama shi ne gaba da waina. In liman ya yanka kun yanka, a feɗe nan take a inuwa, a fid da kayan ciki a dafa su a yinin. Rabon maƙwabta da miskinai a kai musu a ranar, kada a jira sai ya soma wari (wasu, Allah ya shirye mu, sai sannan suke tuna sadaka). Sauran a yanka ƙanana, a tafasa da gishiri da citta, a soya har ruwan jikinsa ya ƙone. Kai da ƙafafu a babbake su kafin magariba. Funkaso da alkubus suna iya jiran kwana na biyu da na uku.

Ku almajirai, kun karanta a Risala cewa ba a sayar da kome na layya, ko fata. To, ladan mahauci a tanade shi daban tun kafin ranar, haka kuma itace da ruwa da man gyaɗa. Samarin gida su ɗauki faskare da ɗiban ruwa da yankan nama, domin mata su sami tsayawa kan tukunya. Haza wasalam.