Abincin Ƙwaƙwalwa da Gigin Tsufa

Yau maganarmu a kan ƙwaƙwalwa ce, da abin da ta ke ci, da abin da ke samunta in tsufa ya zo. Muna gai da mutanen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, don da ƙasarku za mu yi misali.

Kun san tsohuwar da ta kan ci tuwo, an jima ta ce ba a ba ta ba. Kun san dattijon da ya yi shekara da shekaru yana zuwa masallaci ɗaya, ran nan ya kasa gane hanyar gida. Mu kan ce gigin tsufa ne. Waɗansu ma su ce maita ce. Ba maita ba ce, ciwo ne, a ƙwaƙwalwa ya ke.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, watau kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa. Amma ita kaɗai ke cinye kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa in mutum yana zaune. Abincinta sukarin da ke cikin jini ne, kamar giram 120 kowace rana. Ba sai an sha sukari ba, tuwo da fura da dankali su ke zama sukarin nan a ciki. Ga shi kuwa ba ta da rumbu. In jini ya yanke mata daƙiƙa 10 sai mutum ya suma, in ya kai 'yan mintoci sai ta fara mutuwa.

Ku dubi madatsar Tiga. Ruwa ya kan bi babbar hanya, ya shiga ƙanana, har ya kai gonakin Kadawa. In ƙaramar hanya ta cushe, shinkafa ta bushe, ko da tafkin na cike. Haka jijiyoyin jini su ke ga ƙwaƙwalwa. Hawan jini da ciwon sukari su ke lalata su a hankali, mutum bai sani ba.

Wani likitan Jamus, Alzheimer, ya bayyana babban ciwon mantuwa a 1906. A 1948 Kety da Schmidt na Amurka suka nuna yadda za a auna jinin da ke shiga ƙwaƙwalwar mai rai. A 1977 Sokoloff ya fito da hanyar ganin yawan sukarin da kowane sashe nata ke ci. Da aka ɗauki hoton masu ciwon Alzheimer, sai aka ga waɗansu sassa sun rage cin sukari, sau da yawa tun kafin mantuwa ta bayyana. An kuma gano a 1967 cewa in yunwa ta daɗe, hanta ta kan yi wa ƙwaƙwalwa wani makamashi daga kitse. Masu bincike a Kanada sun ga ƙwaƙwalwar da ta rage cin sukari tana iya cin wannan. Amma bai zama magani ba, kada wani ya hana tsoho abinci saboda shi.

A ƙasarmu ma an yi bincike. Daga 1992 likitocin Ibadan da na Indianapolis suka bi tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama. A 2001 suka ba da labari cewa kowace shekara ciwon ya kan kama kamar mutum 1 cikin 100 a Ibadan, amma 3 cikin 100 na baƙaƙen Amurka. Hawan jini da ciwon sukari sun fi yawa a can. Daga baya aka ga a Ibadan ma masu hawan jini sun fi kamuwa.

To, ga abin da za ku yi.

1. In kun kai shekara 40, ku riƙa zuwa awon jini da na sukari. In an ba ku magani, kada ku bari don kun ji sauƙi.

2. Uwargida, rage gishiri da magi a miya. Ƙara wake da zogale da gyaɗa da kifin Tiga.

3. Ku bar taba. Mai babur ya sa hular kwano, don buguwar kai tana jawo mantuwa a gaba.

4. Kada a killace tsoho a ɗaki. A bar shi ya taka zuwa gona, ya zauna a majalisa. In kunnensa ya yi nauyi a kai shi a duba.

5. Mai shan maganin sukari in ya kama gumi da makyarkyata da sambatu, ku ba shi ruwan sukari nan da nan, in yana iya haɗiya, sa'an nan ku kai shi asibiti.

6. In tsoho ya ruɗe farat ɗaya, ko bakinsa ya karkace, ko hannunsa ya saki, kada ku kwana. Zazzaɓi ne ko shanyewar ɓarin jiki, gaggawa ake yi musu.

Wanda mantuwarsa ta yi nisa kuwa, ku yi haƙuri da shi. Kada a ɗaure shi, kada yara su jefe shi. Shi ya yi renonku, yanzu bikinsa ku ke bi.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.