Jawabi bisa gonar makarantar noma



Yau zancenmu bisa makarantar noma ta Kollo ne, kusa da Yamai, wadda ake ce ma IPDR. Can ake horar da malaman gona, da na dabbobi, da na daji.

Makarantar noma in babu gona, rijiya ce babu guga. Don haka ɗalibi yana karatu cikin aji, kuma yana riƙon hauya da hannunshi.

A gonar koyo, kowane fili da littafinshi. Ana rubuta ranar shibka, da irin da aka shibka, da takin da aka zuba, da yawan amfanin da aka samu. In ba a rubuta ba, ba a sanin abin da ya gyara gona ko ya ɓata ta.

Ga misalin hatsi: mita 1 tsakanin rami da rami, watau rami 10.000 cikin hekta guda. Lokacin cira, a bar ƙafa 3 ga kowane rami. Baɗi a sa wake wurin, don ƙasa ta samu ƙarfi.

Ku ma yanzu kun iya rubutu. Kowa ya sayi littafi, ya rubuta aikin gonarshi tun ruwan farko har girbi. In malamin gona ya zo, ku gwada mishi.

Allah ya ba mu damina mai albarka.