Ƙurar Ɗaki da Lafiyar 'Ya'yanmu: Jawabi a Taron Shekara



Mun zo ne da magana kan wani abu da muke kwana muke tashi da shi, wato ƙurar ɗakunanmu. Tun daga shekarun 1970, masana'antu a Amurka da Turai suka riƙa zuba sinadaran hana kamawar wuta, musamman waɗanda ake kira PBDE, a cikin soson kujeru da kujerun mota da robar talabijin da kwamfuta. Manufarsu ita ce rage haɗarin gobara. Sai dai sinadaran ba sa zama daram a jikin kayan. A hankali suke fita, su gauraya da ƙura.

Tarayyar Turai ta haramta nau'i biyu daga cikinsu a 2004. Yarjejeniyar Stockholm, wadda Nijeriya ke cikinta, ta sanya su a jerin haramtattu a 2009, ta ƙara na uku a 2017. Amma haramci bai shafi abin da aka riga aka ƙera ba, kuma irin waɗannan tsofaffin kaya su ne muke saye a gwanjo. Binciken da aka buga a 2016 ya gano sinadaran a ƙurar gidaje da ofisoshi da motoci a Legas.

Wanda abin ya fi shafa shi ne yaro mai rarrafe. A ƙasa yake wuni, hannunsa kuma kullum a baki, ga jikinsa ƙarami. Sinadaran na taruwa a kitsen jiki su shekara, suna dagula aikin ƙululun maƙogwaro, wanda ke taimakon girman ƙwaƙwalwa. Masana sun danganta yawansu a jiki da raunin fahimta da rashin natsuwa ga yara.

Maganin bai fi ƙarfinmu ba. Iyayenmu mata a gida ba sa shara sai sun yayyafa ruwa. Mu koma ga wannan hikima. Mu goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗewa. Mu wanke hannun yara da sabulu kafin cin abinci. Kujerar da ta yage har soso ya bayyana, mu kai wa mai gyara. Kada mu bar yara wasa da fasasshiyar talabijin, kada kuma mu ƙona ta a tsakar gida.

Rigakafi ya fi magani. Mu isar da wannan saƙo ga iyalanmu.