Horo da Adalci a Gidan Waya



Gobe ku ne manyan ofis, masu sa hannu a takardar tuhuma. To, ku dubi masinjan da aka aika da wasiƙu daga Babura zuwa Kazaure bisa babur, da damina, ba hular kwano. In ya makara, tuhuma. In ya faɗi fa? Dokar 2010 ta ce a biya shi diyya, amma sai in ya san da ita.

A 1945 sai da ma'aikatan gidan waya suka shiga yajin aikin gama-gari, fiye da kwana 40, kan kuɗin tsadar rayuwa.

Ba na ƙin horo. Wanda ya farke wasiƙar wani, a hukunta shi, amma a fara saurarensa, wakilin ƙungiyarsa na zaune.