Duniya Tana Tsufa: Wa Zai Riƙe Tsofaffin Zango?

Kun san ni, a shago nake wuni. To amma dole ɗan kasuwa ya san halin wanda yake saro kaya a wurinsa, shi ya sa zan fara da ƙasar Sin.

Ku dubi shagunanmu, daga tocila har janareto da babur, kayan Sin ne. Babban abin da ya sa suka daɗe suna araha shi ne yawan matasan da ke aiki a masana'antunsu. A 1980 gwamnatinsu ta tsaurara dokar ɗa ɗaya a kan yawancin ma'aurata. A 2016 ta ce a haifi biyu, a 2021 ta ce uku, amma mutane suka noƙe, don gida tsada, makaranta tsada. A 2022 yawansu ya ragu, karo na farko tun 1961, kuma a 2023 Indiya ta wuce su. Ku yi lissafin da kanku: yaro tilo ya auri yarinya tilo, su biyu, tsofaffi huɗu a wuyansu, ba wa, ba ƙane, ba yaya. Shi ya sa daga 2025 suka fara ɗaga shekarun ritayar maza daga 60 zuwa 63 sannu a hankali.

Japan, masu Toyota ɗin da muke hawa, sun riga su shiga wannan hali. Sun kai wajen miliyan 128 a 2008, daga nan suka fara raguwa. Kusan mutum 3 cikin 10 ya kai shekara 65, kuma ƙidayar gidaje ta 2023 ta sami kamar gida miliyan 9 babu kowa ciki. Mu nan muna faɗa a kan ɗaki ɗaya!

Wani zai ce, Alhaji, mene ne namu a ciki, alhali rabin 'yan Nijeriya ba su kai shekara 20 ba? Gaskiya ne. Sai dai yawan yara daban, riƙon tsoho daban, kuma nan ne maganata take.

Tun da aka kafa wannan Sabo ta Ibadan a 1916, fanshon Bahaushe a zango shi ne yaransa. Yaro ya zo daga Arewa ya sauka gidan maigida, ya koyi ɗaurin huhun goro ko dillancin shanu, maigida ya yi masa aure, ya ba shi jari. In ƙarfi ya ƙare, su waɗannan yaran ke kawo cefane. Wanda ya ga dama kuma sai ya tattara ya koma gida. Yau duka hanyoyin biyu sun ƙuntata. Ya koma wurin wa? Tsararrakinsa sun rasu, an raba gona, 'ya'yansa nan aka haife su, Yarbanci ya fi zama a bakinsu. Samari kuma sun bar goro, sun koma canji da waya da acaɓa. Ni ban ga laifinsu ba. Tun da Naira ta faɗi a 2023, wanda ke fama da haya da kuɗin makaranta, abin da zai miƙa wa tsoho kaɗan ne ko da yana so.

Ga kuma wani abu. Ƙasashen da suka tsufa masu jinya suke nema. Ingila ta buɗe biza ga masu kula da tsofaffi a 2022, dubban 'yan Nijeriya suka tafi kafin a rufe ta a 2025. Wato ka sha wahala ka karantar da yarinya aikin jinya, ta je ta juya tsohon wani a gado, naka yana nan kwance a zaure. Kuɗi za su zo ta waya, amma kuɗi ba sa ɗaga mutum zuwa banɗaki.

Don haka ina roƙon shugabanni abu biyu. A sa samari su bi gida gida kafin taro na gaba, su rubuto duk wanda ya haura shekara 70 kuma ba shi da mai kula da shi, maza da mata, musamman gwaurayen da suka tsufa a ɗakin haya, sannan a ware musu wani abu daga kuɗin wata. Na biyu, mu da muka ba hamsin baya. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da tsarin fansho na masu ƙananan sana'o'i, wanda ɗan kasuwa zai riƙa zuba abin da ya sawwaƙa. Sakatare ya gayyato wanda ya san shi ya yi mana bayani, malamai suna zaune, su duba mana in da riba a ciki.