Ragar Petri: Dabarar Gano Cijewar Aiki Tun Bisa Takarda



Wannan lacca ta shafi wata irin tsayawar aiki ce wadda ba a iya ɗora laifinta a kan kowa. Watau inji lafiyarsa lau, ma'aikata suna nan, kaya sun iso, amma aiki ya cije, kowa yana jiran ɗan'uwansa. Irin wannan cuta ba a jikin inji take ba, a cikin tsarin da aka bi wajen raba kayan aiki take, kuma akwai hanyar gano ta tun ba a kashe ko kwabo ba.

Asalin Dabarar

Wanda ya fito da wannan hanya wani Bajamushe ne, masanin lissafi, mai suna Carl Adam Petri. An haife shi a Leipzig a 1926, ya rasu a 2010. A 1962 ne ya gabatar da kundin digirinsa na dakta a Darmstadt, inda ya yi nazarin yadda na'urori da yawa za su yi aiki lokaci guda, kowace da nata saurin, ba tare da wani agogo ɗaya da ke ba su umurni ba. Zanen da ya samo asali daga wannan nazari shi ake kira ragar Petri.

Wanda ya san dara ba zai sha wuyar fahimtarta ba, gama abubuwa huɗu ne kurum. Na farko gurbi, ana zana shi da'ira, yana nuna wani hali da ake ciki. Na biyu mataki, ana zana shi ɗan gajeren layi mai kauri, yana nuna wani abu da zai auku. Na uku kibiya, wadda ke haɗa gurbi da mataki. Na huɗu tsakuwa, wadda in tana cikin gurbi, to halin nan ya tabbata ke nan. Dokar kuwa ɗaya ce: mataki ba ya aukuwa sai kowane gurbi da ke harba masa kibiya yana da tsakuwa. In ya auku, sai a ɗauke tsakuwa guda daga kowane gurbi na bayansa, a sa guda a kowane gurbi na gabansa.

Misali Daga Wurin Dafa Mazarƙwaila

A ƙasar Karaye da Rogo, har zuwa Maƙarfi, rake da mazarƙwaila ba baƙin kowa ba ne. Sai a ƙaddara manoma biyu a Unguwar Hajji sun haɗa kuɗi sun sayi kasko ɗaya na dafa ruwan rake da jerin kwanoni ɗaya na zubi. Kowane yana bukatar duka biyun kafin ya gama, domin ba a sauke abin da ya dahu sai da wurin zuba shi.

Manomi na farko al'adarsa ita ce ya fara kama kasko, in ruwa ya yi kauri ya nemi kwanoni. Na biyu kuwa mutum ne mai tanadi: yakan fara kwashe kwanoni ya jera kusa da shi, sa'an nan ya nemi kasko. Ba wanda za a ce ya yi kuskure a cikinsu.

To, sai a zana raga. Gurbi ɗaya sunansa kasko a sake, wani kwanoni a sake, kowane da tsakuwa guda. Kowane manomi kuma da gurbin da ke nuna ruwan rakensa yana jira. In na farko ya kama kasko, ya kama kwanoni, ya gama, tsakuwoyin biyu za su koma inda suka fito, na biyu ya shiga. Haka kuma in na biyu ne ya riga. Amma akwai hanya ta uku: na farko ya kama kasko, kafin ya kai ga zubi na biyu ya kwashe kwanoni. Yanzu guraben nan biyu duk wayam suke. Matakin da ke gaban na farko yana son tsakuwar kwanoni, na gaban na biyu yana son ta kasko, ba wanda zai auku. An yi kiki-kaka ke nan. Na cikin kasko zai ƙone, na cikin durom kuwa zai yi tsami, gama ruwan rake ba ya jure jira.

Abu biyu ya kamata a lura da su. Na ɗaya, ana iya yin mako guda ana aiki lafiya, domin cijewar ba ta zuwa sai abubuwa sun auku bisa wani jeri na musamman. Saboda haka gwaji kaɗai ba ya tona ta. Na biyu, maganinta ba sayen sabon kasko ba ne. Da zarar an kafa doka cewa ba mai taɓa kwanoni sai wanda kasko ke hannunsa, in aka sāke bin ragar gurbi-gurbi, za a tarar hanya ta uku ta toshe.

Inda Babu Dattijo

Lalle a Unguwar Hajji abin ba zai yi nisa ba, domin wani dattijo zai ce wa mai kwanoni ya ba ɗan'uwansa aro. Amma na'ura ba ta da dattijo. Tun a 1965 Edsger Dijkstra, masani daga ƙasar Holan, ya bayyana yadda ayyuka da dama a cikin kwamfuta ɗaya kan riƙe wa juna abin bukata har su sandare. Akwai kuma ƙanwar wannan cuta, watau rige-rige, inda ayyuka biyu kan kai hannu ga abu ɗaya lokaci guda. Ran 14 ga Agusta 2003, irin wannan aibi ya kashe na'urar gargaɗi ta wani kamfanin lantarki a jihar Ohayo, masu lura ba su ankara da wuri ba, wannan kuwa yana cikin dalilan da suka sa wuta ta ɗauke wa mutane wajen miliyan 50 a Amurka da Kanada.

Don haka ne masana'antu suka rungumi dabarar. A 1977 injiniyoyin Faransa suka fitar da Grafcet, wani salon zane da aka gina bisa ragar Petri domin tsara injunan da ke sarrafa kansu. An kuma ƙara wa ragar lokaci, domin a san daɗewar kowane mataki. Kurt Jensen na Jami'ar Aarhus a Denmak ya bunƙasa raga mai tsakuwoyi launi-launi, yadda za a bambanta kayan wannan da na wancan.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Injuna 10, kowane yana aiki ko yana tsaye, suna ba da hali 1,024. In suka kai 30, halin ya zarce miliyan dubu. A 1981 Ernst Mayr ya tabbatar cewa kullum ana iya gane ko raga za ta kai ga wani hali, amma a 2021 masana suka nuna cewa lissafin yana iya yin tsawon da babu kwamfutar da za ta gama shi. Saboda haka gwanaye sukan nemi abin da ba ya sākewa. Alal misali, a ragar mazarƙwaila, tsakuwar kasko a sake da ta kasko a hannun wani, in aka haɗa, kullum ɗaya ne. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa mutum biyu ba za su taɓa haɗuwa a kasko ba.

Rabon Ma'aikacin Hukuma

Kada ma'aikaci ya ɗauka wannan zancen injiniyoyi ne kawai. Fayil tsakuwa ne, tebur kuma gurbi. In mai binciken kuɗi ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga takardar injiniya, injiniya kuwa ba zai je duba aikin ba sai an biya kuɗin tafiya, kuɗin tafiya kuma yana jiran hannun mai bincike, to kasko da kwanoni ne suka sāke riga. Haka nan rabon ruwa: madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa da aka gama a ƙasar Karaye a 1992 duk kogin Haɗejiya suke zuba wa, ga birnin Kano yana jira, ga manoman rani, ga masuntan fadamun Nguru. Wa zai riga wa, kuma wa ke riƙe da abin da wani ke jira, tambayoyi ne na ragar Petri.

Saboda haka, duk wanda aka kawo wa sabon tsari ya sa hannu, ya dace ya nemi a zana masa shi, ya tambaya: mene ne ake tarayya a kansa, wa ke fara kamawa, yaushe yake saki? Takarda da fensir da 'yan tsakuwoyi sun isa a fara. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.